Wiki Ba Dandalin Tatsuniya Ba Ne

Akwai wata gardama da ta daɗe tana kwanciya tana tashi a tsakanin masu rubuta wiki na wasannin bidiyo, wato kundayen nan na intanet da 'yan wasa ke yi wa aikin gayya, kowa ya kawo abin da ya sani ya zuba. Ana tambaya ne ko labarin da masoyin wasa ya ƙaga da kansa, ya ɗauki jaruman wasan ya aurar da su, ko ya kashe su, ko ya ƙirƙiro musu ɗan'uwan da ba su da shi, yana da gurbi a cikin kundin. Ni dai amsata a'a ce, kuma ba don na raina ƙagaggen labari ba.

Mu fara da Herobrine, domin babu misalin da ya fi shi fito da maganar fili. A shekarar 2010 wani da bai bayyana sunansa ba ya saki hoton wasan Minecraft, inda ake hango wani mutum tsaye cikin hazo, kamarsa ɗaya da jarumin wasan, sai dai idanunsa farare fat, babu ƙwayar baƙi. Ya haɗa hoton da labari mai tayar da tsikar jiki, aka riƙa yaɗa cewa fatalwar ɗan'uwan Markus Persson ce, mutumin Suwidin da ya ƙirƙiri wasan. Persson ya musanta. Babu Herobrine a cikin wasan, bai kuma taɓa kasancewa ba. Duk da haka yara ba iyaka sun kwana suna haƙa ramuka suna nemansa. Kamfanin Mojang ma ya shiga zolayar, tun daga 2011 ya riƙa rubuta cewa an cire Herobrine a cikin jerin gyare-gyaren sababbin fitowar wasan, alhali babu abin cirewa.

To, me wiki na Minecraft ya yi da shi? Ya ba shi shafi, ya faɗi inda labarin ya samo asali, da yadda ya yaɗu, ya kuma bayyana ƙarara cewa ƙage ne. Wannan daidai ne, kuma a nan bambancin yake. Bayar da labarin cewa mutane sun ƙagi wani abu har ya game duniya, tarihi ne, ana iya bin sawunsa a tabbatar. Amma a ce wani ya zo ya buɗe shafi ya rubuta garin da aka haifi Herobrine, da makamin da ke kashe shi, da sunan matarsa, cikin irin harshen da ake rubuta yawan ƙarfen da ake buƙata a ƙera takobi, wannan ya zuba tsakuwa ne a cikin shinkafar jama'a.

Bahaushe bai kamata a sha wahalar fahimtar da shi wannan ba. Kakanninmu sun san daɗin ƙage fiye da mu, amma sun yi masa shinge. Mai tatsuniya ba ta farawa sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, a amsa mata, idan ta gama kuma ta rufe da ƙurunƙus. Tsakanin waɗannan kalmomi biyu Gizo na iya auren 'yar sarki, Ƙoƙi ta yi magana da kura, babu mai cewa an yi ƙarya, domin an sanar da kowa filin da aka shiga. Labari kuwa daban yake, shi ake tambayar wa ya gani, wa ya faɗa. Shafin wiki ba shi da ga ta nan. Mai karatu ba ta ƙofar gida yake shigowa ba, balle ya karanta sanarwar da aka manna a zaure. Google ne ke jefo shi tsakiyar ɗaki, ya karanta layi uku ya fita da su a matsayin gaskiya.

Ku dubi kuma wanda abin ya fi cutarwa. Yaron da ke zango a Kumasi, ko unguwar Briketeri a Yawunde, wanda ya biya kuɗin zagaye a shagon gem, ya sayi data da guntun canjinsa, da Turanci ko Faransanci yake karanta kundin nan, harshen da ba a cikinsa ya sha nono ba. Ɗan Amurka na iya shinshino raha a cikin jimla ya yi murmushi ya wuce. Namu yaron zai ɗauka da gaske. Waɗanda suka yi zamanin GTA San Andreas na 2004 sun san yadda aka ɓata sa'o'i ana kewaya dazukan wasan ana farautar dodon nan Bigfoot, wanda babu shi a ciki sam.

Masu ra'ayin a bar ƙagaggun labarai suna da hujjoji, kuma mafi ƙarfinsu ita ce ƙagen masoya kan rikiɗe ya zama gaskiya. Haka ne. A na'urar Mortal Kombat ta 1992 akwai wata kalma, ERMACS, a shafin lissafin da masu gyara ke dubawa, wadda ke ƙirga kurakuran manhaja. 'Yan wasa suka ce ai sunan wani ɓoyayyen mayaƙi ne mai jajayen kaya. Jita-jitar ta yi ƙarfi har masu wasan suka ƙirƙiro Ermac da gaske a Ultimate Mortal Kombat 3 a 1995. Sai dai wannan hujja tawa ce, ba tasu ba. Kafin 1995 wanda ya rubuta cewa akwai Ermac ƙarya ya yi, bayan 1995 wanda ya rubuta haka gaskiya ya faɗa, kuma daɗin tarihin duka yana cikin sanin ranar da aka tsallaka daga wannan zuwa wancan. Kundin da ya cakuɗa su tun farko ya shafe wannan rana, ya hana masoyan ma alfaharin cewa su ne suka tilasta wa kamfani.

Hujja ta biyu ita ce wai wiki na jama'a ne, don haka jama'a na da ikon zuba abin da suka ga dama. Rijiyar unguwa ma ta jama'a ce, ba a wanki a cikinta.

Ta uku ta fi taɓa zuciya: yaro ya zauna ya rubuta labarinsa na farko, wani edita ya goge shi cikin daƙiƙa, ya kashe masa gwiwa. Wannan kam yana faruwa, kuma wasu editocin suna da girman kai irin na ɗan dogarin da aka ba sanda jiya. Amma maganin rashin ladabin edita shi ne ladabi. A nuna wa yaron gidan da ake maraba da shi, kuma gidajen suna nan. Masoyan Star Wars sun raba Wookieepedia da wani wikin na ƙagaggun labarai zalla. Masoyan Nintendo suna da Fantendo, inda ake ƙago wasannin da ba a taɓa yi ba. Ga Archive of Our Own, wanda har lambar yabo ta Hugo ya samu a 2019. Ga Wattpad, inda marubutanmu mata suka cika da littattafan Hausa. A can marubuci zai sami masu karanta shi don labarinsa, su yaba, su yi gyara, su roƙi ci gaba. A wiki kuwa kowa na da ikon canza masa jimla, sunansa ma ba ya fitowa a kan shafin, wanda kuma ya faɗo kansa hanyar cin wani mataki yake nema, zai bar wurin yana tsaki.

A watan Janairun 2021 wasu masu aikin sa kai suka gano ainihin lambar da ke haifar da duniyar da aka ɗauki hoton Herobrine na farko, bayan dogon lissafi da kwamfutoci. Yanzu kowa na iya shiga ya tsaya daidai wurin, ya ga tudun da itatuwan kamar yadda suke a hoton, ya kuma ga babu kowa a tsaye. Wannan lambar tana cikin wiki, domin duk wanda ya gwada ta abu ɗaya zai gani.