Ba Kowane Ciwo Ake Yi Wa Haƙuri Ba

'Yan'uwana mata, yau faɗa na zo yi, kuma da mu kanmu zan yi shi. Akwai wata ɗabi'a da muka gada kaka da kakanni, muna yabonta kamar wani abin ado, alhali kuwa ita ke kai mu kushewa ɗaya bayan ɗaya: ɗabi'ar danne ciwo. Tun yarinya tana ƙarama ake koya mata cewa mace ta gari ba ta raki, ba ta cewa wash, ko da kanta zai rabe gida biyu. In ta daure a ce jaruma ce, in ta faɗa a ce an sangarta ta a gidansu. To ni dai na ce a'a, kuma ina da dalili.

An taɓa kawo wata amarya layinmu, yarinya ce da ba ta wuce shekara 18 ba, mai kunya ta gidan gaske. Cikinta na fari ya shiga wata takwas, sai wata rana na shiga gidan aron rariya, na tarar da ita a bakin murhu ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali. Fuskarta ta yi suntum, zoben hannunta ya nutse a cikin yatsa. Na ce, "Amarya, lafiya kuwa?" Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, kwana uku ke nan kaina yana sara, na sha farasitamol har na gaji, kuma wasu taurari nake gani suna gilmawa." Kafin in buɗe baki, uwar mijinta ta amsa daga ɗaki: "Ke ƙyale ta, yaran zamani sai raki! Mu da muka haifi goma wa ya ji kanmu? Zaƙi ne, an jiƙa mata magani. Kumburin kuwa ai alamar ɗa namiji ce."

Na ɗauki rariyata na fito, don kada a ce na shiga sharo ba shanu. Wallahi har yau wannan shirun nawa yana cina.

Abin da ke damun yarinyar nan yana da suna, kuma duk unguwarzomar asibiti ta san shi: hawan jini na masu ciki, wanda in ya yi tsanani yake juyewa ya zama jijjiga, wasu su ce taune-taune. Yakan fara ne bayan ciki ya wuce sati 20, kuma ya fi kama mai cikin fari, da mai ɗauke da tagwaye, da wadda dama can take da hawan jini ko ciwon suga. Tushensa daga mabiyiya yake, idan ba ta kafu da kyau a jikin mahaifa ba. Daga nan jijiyoyin jini su takura, jini ya hau, ƙoda ta fara zubar da sinadarin da bai kamata ya fito a fitsari ba, ƙwaƙwalwa da hanta su shiga matsi. Ciwon kan da ba ya jin magani ƙwaƙwalwa ce take neman agaji. Dishi-dishin gani da taurarin nan duk ita ce. Akwai kuma ciwon da ya fi yaudarar mutane, wanda yake tokare mace a ƙahon zuci ko a ƙasan haƙarƙarinta na dama. Sai a ce olsa ce, a aika yaro kemis. Alhali hanta ce take kumbura, kuma in an kai nan, lokaci ya ƙure ƙwarai.

Ki sani, 'yar'uwa, farasitamol ba ya sauke jini, jiƙo ma haka. Abin da ake buƙata bai fi minti biyar ba: a ɗaura miki abin awon jini a damtse, a duba fitsarinki. In awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, an san akwai magana. Akwai maganin sauke jini da mai ciki za ta iya sha, akwai allurar maganiziyam salfet da ake yi don tare jijjigar tun ba ta zo ba, in kuma abin ya ƙi, a fitar da yaron don a ceci uwa da ɗa. Duk wannan ba sabon ilimi ba ne, kuma ba sai an je Ingila ba.

Amma duba inda muke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 287,000 ne suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma kimanin 82,000 daga cikinsu a Nijeriya ne. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a ƙasa guda! Zubar jini da hawan jini suna sahun gaba a cikin abubuwan da ke ɗauke su. Ki gaya mini, mata nawa ne a cikin waɗannan suka ce kansu yana ciwo aka ce musu raki ne?

Ba ciwon kai kaɗai ba. Mace ta yi ɓatan wata, sati shida ko takwas, sai mara ta riƙe ta gefe guda kamar ana soka mata wuƙa, jini ya ɗan ɗiga, jiri ya kwashe ta, wani lokaci har ƙarshen kafaɗarta ya amsa. A ce mata ciwon mara ne ko sanyi. Mai yiwuwa ne cikin ya zauna a bututun ƙwai maimakon mahaifa, in kuma ya fashe jini ne yake zuba a ciki inda ido ba ya gani. Wannan na tiyata ne a daren, ba na jiran gari ya waye ba. Haka mai jego: in ƙwaurinta ɗaya ya kumbura yana zafi, ko ƙirji ya soke ta numfashi ya yi wuya, kada a ce ruwan wanka ne bai yi zafi ba, jini ne zai iya daskarewa a jijiya. Kuma jijjigar nan takan zo ko bayan an sauka lafiya, don haka ciwon kai mai tsanani a cikin kwanakin jego ba gajiyar suna ba ce.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce maigida bai ba da izini ba, ko babu kuɗin mota, ko layin awo tun asuba har azahar, ga wasu ma'aikatan da baki kamar reza. Gaskiya ne, ni ma an taɓa daka mini tsawa a gaban mutane a wani asibiti har na yi ƙwalla. Amma tsawa ba ta kisa. Maigida kuwa, sau da yawa bai ma san abin da ake ciki ba, domin kunyar cikin fari ta hana ki faɗa masa. Haba 'yar'uwa! Mutumin da kike ɗauke da ɗansa shi za ki ɓoye wa ciwonki? Ki faɗa masa ƙarara tun ciki yana ƙarami, ku ajiye kuɗin mota a gefe, ku san mai abin hawan da za a buga wa ƙofa da tsakar dare. Shawarar hukumar nan tun 2016 ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta haihu, amma in ɗaya daga cikin alamun nan ta bayyana, ba a jiran ranar awo.

Ku kuma iyayenmu, surukai da gwaggwanni, da girmanku nake magana. Kun haifi goma lafiya, mun gode wa Allah. Amma ku tuna da sa'o'inku da aka kai ku gidan miji shekara ɗaya, waɗanda ba su ga sunan ɗan fari ba. A lokacin an ce iska ce ta buge su. Addu'a ba mai hana ta, a yi ta a cikin mota ana tafiya.

Amaryar layinmu kwana biyu bayan shigata ta faɗi a tsakar gida tana jijjiga, ta tauna harshenta har jini. Aka fara turara mata hayaƙi, aka tafi neman mai ruƙiyya, sai bayan la'asar wani ƙanen mijin ya dage aka sa ta a mota. An samu an ceto ta bayan kwana huɗu ba ta san wanda ke kanta ba. Yaron dai bai zo da rai ba, kuma namiji ne, kamar yadda uwar mijin ta faɗa.