Kafin Ka Zagi 'Yan NEPA, Ka Iya Karanta Mitar Gidanka?

Jama'a, duk ranar da aka ɗauke wuta ta kwana biyu ba ta dawo ba, shafukanmu cika suke da zagi. Wannan ya la'anci minista, wancan ya la'anci kamfani, wani kuma ya ce ai tun zamanin su wane aka lalata komai. Ban ce babu gaskiya a ciki ba. Amma ka tare mutum goma daga cikin masu wannan rubutu ka tambaye su yunit nawa gidansu ya ci a watan jiya, ko nawa ake sayar musu da yunit ɗaya, ko a wane rukuni aka ajiye layin unguwarsu. Da wuya ka samu biyu da za su amsa. To wanda bai san abin da ya sha ba, ta yaya zai tabbatar an cuce shi? Kamfani ba ya tsoron zagi, ya saba da shi tun yana NEPA. Lamba yake tsoro, wadda aka rubuta da kwanan wata.

Shi ya sa yau na ajiye maganar wa zai tsaya takara da wa zai sauya sheƙa, na ɗauko wannan ɗan akwatin da ke manne a bangon zaure ko a saman falwaya.

Abin da mita ke ƙirgawa shi ake kira yunit, za ka ga an rubuta kWh a gefen lambobin. Yunit ɗaya shi ne kayan wuta mai ƙarfin wat 1000 ya yi aiki na awa ɗaya. Dutsen guga na gida kusan wat 1000 ne, ke nan gugar awa ɗaya ta cinye yunit guda. Fankar sama tana wajen wat 70, idan ta kwana tana juyawa awa 10 ta ci 0.7, a wata ya kama yunit 21 daga fanka ɗaya tak. Kwan fitila irin na zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci yunit ɗaya. Ka ga ke nan maigidan da ke bin yara da faɗa a kan kwan fitilar tsakar gida, alhali hita na tafasa ruwan wanka a bokiti kullum da asuba, ya bar jaki yana dukan taiki. Duk abin da ke yin zafi shi ne ke shan kati: hita, dutsen guga, butar lantarki, risho mai wuta. Sai na'urar sanyaya ɗaki da injin tura ruwa sama. Ƙarfin kowane kaya a rubuce yake a jikinsa ko a ƙasansa, lamba ce da harafin W a gabanta.

Mai mitar kati, wato wadda ake biya kafin a sha, aikinsa ya fi sauƙi. Lambar da ke kan allo ita ce ragowar yunit ɗinka. Ka rubuta ta yau da ƙarfe takwas na dare, gobe ma ka rubuta a daidai wannan lokaci, ka debe ta biyu daga ta farko, abin da ya rage shi ne cin gidanka na yini guda. Ka yi haka mako ɗaya, wallahi za ka san gidanka fiye da yadda ka san shi a shekara goma. Mitoci iri-iri ne, akwai Mojec, akwai Conlog, akwai Hexing, kowacce da lambobin da ake dannawa a ga ragowar yunit ko lambar mita, saboda haka kada ka ɗauki na maƙwabci ka ce dole su yi a taka. Ka duba takardar da aka ba ka ranar da aka ɗaura ta.

Akwai kuma wata 'yar jar fitila mai ƙyaftawa a fuskar mita, wadda mutane da yawa ke ɗauka ado ce. Kusa da ita za ka ga an rubuta lamba, misali 1000 imp/kWh. Ma'anarsa, duk ƙyaftawa 1000 yunit ɗaya ne ya tafi. Idan tana ƙyaftawa a hankali, gida na ci a hankali, idan ta kama rawa, wani abu mai nauyi na kunne. Ga gwajin da nake so kowa ya yi a daren nan in akwai wuta: a kashe komai na gidan, a cire firji da caja daga soket, sannan a tsaya a gaban mita minti biyar. Ya kamata fitilar ta tsaya cak. In ta ci gaba da ƙyaftawa, to ko dai wayarin gidan na yoyo, ko kuma wani ya jona waya a layinka yana sha da kuɗinka. A gidajen haya wannan ya raba zumunci ba sau ɗaya ba, kuma sau da yawa kamfanin da ake ta tsine wa ba shi da hannu a ciki.

Sai rasit. Yawancinmu lambobi 20 ɗin nan kawai muke kwafewa mu yar da takardar, ko mu goge saƙon. Alhali a nan ne hujja take. Rasit na nuna kuɗin da ka biya, da farashin yunit, da harajin VAT na kashi 7.5, da yawan yunit da aka ba ka, da kuma ko an cire wani tsohon bashi. Mu ɗauki farashin rukunin A da aka sanya a Yulin 2024, naira 209.5 kan kowane yunit. In ka ɗora haraji ya zama kusan naira 225. Ke nan naira 10,000 za ta ba ka yunit 44 da 'yan kai. In ka ga 30, kada ka tsaya cewa mitar nan mayya ce. Ka duba layin bashi, akwai yiwuwar ana yankar wani tsohon bil ne, wataƙila ma na wanda ya zauna a gidan kafin kai. Kana da haƙƙin ka je ofis ka nemi a nuna maka asalin bashin a rubuce.

Yanzu ga inda maganar ta zama siyasa, ko mun so ko mun ƙi. An raba masu shan wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi alkawarin ba su a rana: A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a tashi ɗaya, daga baya aka ɗan sassauta. Hujjar da aka bayar ita ce wanda ke samun wuta awa 20 ya biya cikakken kuɗinta. To madalla. Amma ciniki ne, kuma ciniki ɓangare biyu gare shi. In an caje ka kuɗin awa 20 aka ba ka 11, an sayar maka da mudu an auna maka rabi. Ƙa'idar hukumar da kanta ta ce layin da ya kasa cika alkawarinsa kwana bakwai a jere a sauke shi daga rukunin. Tambayata ita ce, wa ke ƙirgawa a unguwarku? Kamfani na da nasa lissafin. Mu namu a baki yake: "ai jiya ba su kawo ba sam." Wannan ba ya shiga fayil.

Waɗanda abin ya fi ci kuwa su ne marasa mita, kuma kusan rabin masu hulɗa da kamfanonin rarraba wuta a ƙasar nan haka suke, sama da shekara goma bayan an sayar da kamfanonin a 2013. Su ake kawo wa bil na ƙiyasi, a zauna a ofis a rubuta abin da aka ga dama. Mutane da yawa ba su san cewa tun 2020 hukuma ta sa iyaka ga wannan ƙiyasi ba, wato akwai adadin yunit da ba a yarda a caji marar mita sama da shi ba, gwargwadon abin da maƙwabtansa masu mita ke ci a layi ɗaya. Kuma ba zargi ba ne cewa ana tsallake iyakar. A Fabrairun 2024 NERC ta hukunta kamfanonin 11 gaba ɗaya da yankan naira biliyan 10.5 saboda cajin marasa mita fiye da ƙima. Gaba ɗaya na ce, ba a ware ko ɗaya ba. Idan kuma kana da tsohuwar mita mai bil a ƙarshen wata, ka duba takardar, akwai karatun baya da karatun yanzu, bambancinsu shi ne abin da ka sha. Ka gwada karatun yanzu da abin da idonka ke gani a jikin mita. In ba su yi kusa ba, ba wanda ya zo ya karanta, kintata aka yi.

Na san wani zai ce, Malam, duk wannan wahalar ta mece ce, ai yaron unguwa na yin baifas da dubu biyar. Ina ganin wannan ita ce babbar kyautar da muke ba kamfanonin. Duk taron da aka kira su a kan rashin wuta, amsarsu ɗaya ce, mutane na satar wuta, ba ma tara kuɗi. Wutar da mai baifas ya sha kuma ba iska ta bi ba, a kan marasa mitar layin take komawa, wato gwauruwar da ke da kwan fitila biyu da fanka. Ga tara mai nauyi in an kama ka, ga gobara daga wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda. Wanda ya yi baifas ya zubar da bakinsa na ƙorafi, domin ba zai so ma'aikaci ya matso kusa da mitarsa ba.

Gas ɗin girki shi ba shi da mita a gidajenmu, sikeli ne mitarsa, kuma nan ma ana yi mana sakiyar da ba ruwa. A wuyan kowace tukunya an buga nauyinta in babu komai a ciki. In ka sayi kilo 12.5, nauyin tukunya da 12.5 shi ya kamata sikeli ya nuna. Uwargida, ki sa a auna a gaban ɗan aike kafin a zuba da bayan an zuba. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Abin da nake nema a wajenmu ƙarami ne. Muna da mutane a kowace mazaɓa, muna da zaurukan WhatsApp da ba sa barci. A kowane layi a samu mutum biyu da littafin naira ɗari biyu, su riƙa rubuta lokacin da wuta ta zo da lokacin da ta tafi, kullum, har wata guda. A haɗa da hoton rasit da hoton fuskar mita na gidaje kamar goma. Da wannan ake rubuta takardar ƙorafi zuwa sashen sauraron koke na kamfani, a karɓi shaidar sun karɓa. In kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, a jihohin da har yanzu NERC ke kula da wutarsu a wuce ofishinta na sauraron ƙorafi da ke kula da jihar, in can ma ba a gamsu ba a ɗaukaka zuwa hukumar kanta a Abuja.

Kuma tun da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumarsu su kula da kasuwar wuta a cikin iyakarsu, gwamna da ɗan majalisar jiha ba su da sauran mafakar cewa wannan aikin tarayya ne. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, namu ne ko na wasu, a buɗe masa littafin a gabansa, a nuna masa awannin da layin ya samu a watan da ya wuce da kuɗin da aka caje shi, a tambaye shi gidaje nawa ne ba su da mita a mazaɓar da yake son wakilta, da kuma watan da za a ɗaura musu.