Gidan Gayya: Darasi Daga Ƙasar Yurugwai



Duk wadda ke zaune a gidan haya ta san yadda hankali ke tashi idan shekara ta zagayo. Maigida ba ya barci, uwargida na lissafin abin da za a sayar a cike kuɗin. Idan abin ya gagara, sai a tattara a koma ɗaki ɗaya, mutum bakwai ko takwas. Mu ma'aikatan jinya muna ganin sakamakon haka a asibiti, domin tarin fuka ɗakin da iska ba ta ratsawa yake so, sanƙarau ma cunkoso yake nema lokacin zafi. Shi ya sa a wurina maganar muhalli maganar lafiya ce.

Yau zan kai mu Yurugwai, wata ƙaramar ƙasa a Kudancin Amurka, inda masu ƙaramin ƙarfi suka samar wa kansu mafita. A 1968 ƙasar ta kafa dokar gidaje wadda ta amince iyalai su haɗu su yi ƙungiyar gama kai, su karɓi rancen gwamnati, su gina unguwarsu. A 1970 ƙungiyoyin suka dunƙule ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna FUCVAM, kuma har yau tana nan.

Ga yadda abin yake. Gwamnati na ba da rancen kashi 85 cikin 100 na kuɗin ginin. Sauran kashi 15 kuwa da gumi ake biya: kowane iyali zai yi aikin awa 21 a mako a wurin ginin, maza da mata, daga kwaɓa siminti har gadin kaya da dare. Akwai ƙwararrun masu zanen gini da akantoci da ke yi musu jagora, amma ƙungiya ce ke riƙe da kuɗi, ita ke yanke shawara. Sai an gama gini ake jefa ƙuri'a a raba gidajen, don haka babu mai yin algus a bangon wani, tunda bai san ko shi zai kwana a ciki ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne gidajen mallakar ƙungiya ne. Iyali na da haƙƙin zama har abada, 'ya'ya ma su gada, amma ba mai kai gida kasuwa. Wanda zai tashi sai ya mayar wa ƙungiya, a ba shi abin da ya zuba, wani iyalin ya shigo. Da haka aka toshe ƙofar dillalai. Wanda samunsa ya yi ƙasa kuma, gwamnati na tallafa masa wajen biyan kuɗin wata, saboda haka mai albashi da mai neman na yau da gobe suna iya zama maƙwabta.

To ina fili? Nan hukuma ta shigo. A 1990 hukumar birnin Montebidiyo ta ware filaye da tsofaffin gine-ginen da ke hannunta don irin waɗannan ƙungiyoyi. Wannan ya sa aka samu unguwanni a cikin gari, kusa da makaranta da asibiti da wurin aiki, maimakon a jefa talaka bayan gari.

Idan muka duba, rabin wannan tsarin muna da shi tun kaka da kakanni. Aikin gayya namu ne, adashi ma namu ne, kuma a tsofaffin unguwanninmu attajiri da mai faskare liman ɗaya suke bi. Abin da ya rage shi ne fili da rance mai sauƙi. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a Najeriya a hannun gwamna, ta kuma bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka a wuraren da ba birni ba. Akwai kuma asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikatan gwamnati dominsa. Mutum ɗaya ba ya jin ƙarfin bin waɗannan ƙofofi, amma iyali hamsin masu rajista da asusun banki, dole a saurare su.

Sai dai a kula, sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Ƙungiyar da ba ta karanta lissafinta a bainar mambobi ba ta daɗewa, fili ma kada a aza tubali sai takarda ta zo hannu da sunan ƙungiya.

'Yar uwa, a taron adashinku na gaba, ki kawo wannan maganar. Ku ƙirga ku nawa ne ke haya, ku tara abin da kuke biya a shekara, sannan ku tura wakilai wurin kansilanku da wannan lissafin a rubuce.

Allah Ya rufa mana asiri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.