Agana Ta Tafi, Me Ya Hana Kwalara Tafiya?

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan ciwon amai da gudawa, wato kwalara, da ke leƙo mu duk damina a ƙasashen Karaye da Rogo.

Mahaifina yana da tabon lamba a damtse, ni kuwa ba ni da shi, don kafin a haife ni an gama da agana. A 1967 ne ma'aikatan lafiya suka bazama ƙauyuka da bindigar allura. A Nijeriya an ga agana ta ƙarshe a 1970, a Somaliya 1977, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar ƙarewarta a 1980.

Dabarar da ta ci ta a Ogoja aka fara gwada ta, a Disambar 1966. Magani ya yi wa Dakta William Foege na Amurka ƙaranci, sai ya baza 'yan aike su gano gidajen da cutar ta shiga, ya yi wa na kewaye da su lamba. Nan take ta rasa hanya. Labari da wuri shi ne rabin aikin.

To, a 1970 ɗin da agana ta fita, a shekarar kwalara ta shigo Afirka ta Yamma ta Gini. A 1991 ta kashe fiye da mutum 7,000 a Nijeriya. A 2021 ta kashe fiye da 3,000, Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Me ya bambanta su? Agana a jikin mutum kaɗai take zama, lamba ɗaya kuma ta tsare ka shekaru. Kwalara kuwa ruwan sha da abinci take bi, daga bayan gida. Rigakafinta na ɗigawa a baki yana taimakawa, amma ba ya daɗewa. Muddin ruwan sama na kwaso ƙazanta daga bayan gari yana zubawa cikin rijiya marar murfi, za ta dawo. Ga dam ɗin Challawa a ƙasar Karaye cike da ruwa, amma a ƙauyen da nake noma daga rafi muke ɗiba.

Mu ma da laifinmu. Ina cin kasuwar Rogo, na kan ga mai abinci ta wanke kwano talatin a ruwa ɗaya. Wani kuma ya ɓoye marar lafiya don kunya, sai ya galabaita a ɗauko shi a babur. Alhali kwalara na iya kashe ƙato cikin yini guda.

Shawarata, dagatai da masu unguwa su riƙa kai rahoto ranar da aka ga mutum na farko, kamar zamanin lamba. Masu bi gida-gida don shan inna a haɗa musu da duba rijiyoyi da zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kowace uwa ta san haɗin nan: ruwa tafasasshe lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, a yi ta bai wa marar lafiya har a isa asibiti. Hukuma kuma ta gyara famfunan tuƙa-tuƙa tun da rani. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.

Allah Ya kare mu, amin.

Daga wani manomi,
Karaye, Jihar Kano.