Sa Hannu A Takarda Ba Ya Kashe Janareto

Jama'a, manya sun ishe mu da cewa wai kuɗin da ake zubawa a binciken nukiliya shi zai rage hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya. To, an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙas.

Ba mu musa ba, tashar nukiliya ba ta ƙona kwal ko mai, saboda haka ba ta wannan hayaƙi. Amma bincike daban, tasha daban. Ku dubi Faransa. Tun 1945 suka kafa hukumar bincikensu, hayaƙinsu bai fasa hauhawa ba. Sai a 1974 suka tashi haiƙan da gini, har suka kafa tukwanen nukiliya fiye da 50. Sa'an nan fa, cikin shekarun 1980, hayaƙin ya sauka sosai. Wani kaso na yuraniyom ɗin da suka yi aiki da shi ma daga Arlit ta Nijar ya fito, inda aka soma haƙarsa a 1971.

Mu fa? An yi dokar kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya a 1976, aka jefa ta aljihun tebur shekara 30, sai 2006 hukumar ta soma aiki. Tukunya ɗaya tak gare mu, tana Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, an kunna ta a 2004. Ƙarfinta a lokacin kilowat 30 ne, wato kamar dutsen guga 30. Ba mu ga laifin malaman da ke kula da ita ba: aikinta auna ƙasa da ma'adinai da koyar da ɗalibai, kuma suna yi. Sai dai ko ƙwan lantarki ɗaya ba ta kunna wa kowa. A 2017 aka sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha za a gina tashoshi, ana ta ambaton Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom. Ina tashoshin?

Hayaƙin kuwa ba sai an nuna mana ba. Ku zaga Makera, ku shiga kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi. Mai niƙa da injinsa, mai walda da tela da mai cajin waya kowa da janaretonsa, ga fetur ya yi tsadar tsiya tun da aka janye tallafi a Mayun 2023. A gida mata na fama da itace, idanu jawur, dawa kuwa sai ƙarewa take yi. Wane bincike ne ya rage wannan ko da ƙiris?

Saboda haka muna kira ga 'yan majalisar da muka zaɓa su miƙe a zauren su tambaya: nawa aka kashe wa hukumar nan tun 2006? A wace shekara tasha ta fari za ta ba da wuta, kuma wa zai biya bashinta? Kafin amsa ta zo, a kafa mana wutar sola a kasuwanni da asibitocin ƙauye cikin kasafin kuɗin bana.