Ƙarfe Ma Yana Gajiya

Maudu'in wannan mako ya fito ne daga garejin makanikai.

Mu mutanen Gaya muna alfahari da cewa maƙeranmu, Abagayawa, su ne suka je Dutsen Dala neman tama har Kano ta kafu. Amma a nemo mana rubutu ɗaya da muka yi da Hausa a kan dalilin karyewar ƙarfe. Mun bar fagen ga “ai kayan yanzu ba su da ƙarko”, alhali manomin rani a fadamun Ajingi da injinsa ya tsaya ana tsakiyar ban-ruwa ya fi buƙatar wannan bayani a kan labarin soyayyarmu na goma.

Ku ɗauki bututun ƙarfe biyu da aka zura ɗaya cikin ɗaya aka liƙe da gam, irin Araldite ɗin nan da ake kwaɓa kala biyu, sannan aka sa su aikin juyi kamar sandar injin markaɗe. Ranar farko haɗin zai riƙe, mai gyara ya karɓi kuɗinsa. Sai dai ƙarfin murɗawar ba ya rabuwa daidai a tsawon haɗin. Bakunan biyu ne suke ɗaukar mafi yawansa, tsakiya tana hutawa. Duk tashi da tsayawar inji, duk girgiza, ƙaramar tsaga da ido ba ya gani tana ƙara ci daga baki zuwa ciki, har ranar da zai rabu a kan aikin da bai kai na jiya nauyi ba. Wannan ita ce gajiya. Shi ya sa ƙara tsawon zurin, in ya wuce wani iyaka, ba ya ƙara komai sai ɓarnar gam.

Bature ma da jini ya koyi wannan. A 1842 gatarin jirgin ƙasa ya karye kusa da Versailles a Faransa, mutane da dama suka mutu. Daga baya wani injiniyan Jamus, August Wöhler, ya yi shekaru yana juya gatura har su karye yana ƙirga juyin.

Mun san masu walda za su ce gam wasan yara ne. Ba mu yarda ba. Jirgin saman Comet na Ingila an liƙe sassan jikinsa da yawa da gam, kuma da guda biyu suka tarwatse a sama a 1954, bincike ya gano tsagar ta faro ne daga ramin kusa a kusurwar wata taga. Huda ƙarfe rauni ne, zafin walda ma yana raunana bututu marar kauri. Laifin da ake ɗora wa gam a nan yawanci na hannu ne: an shafa a kan tsatsa da baƙin mai, ba a goge da samfefa ba, ba a jira ya kwana ba, sannan aka bar shi a ranar watan Afrilu da laimar fadama, abubuwa biyun da suka fi cin ƙarfinsa.

Aikin mako: kowa ya je wajen mai gyaran inji a garinsu, ya tambaye shi me yake kiran wannan tsagar, kuma a ina yake fara ganinta. A kawo kalmar yadda ya faɗe ta, da sunan garin, a ƙarƙashin wannan rubutu kafin Juma'a.