Kada Mu Jira Ranar Suna

'Yan'uwa manoma da iyayen gida na Jangebe da Talata Mafara da Bakura da Maradun, yau maganarmu a kan ciwon hanta ce, irin wanda likitoci ke kira Hepatitis B. Wasu sukan ce masa shawara, gama yakan sa ido ya yi rawaya. Amma yawancin masu ɗauke da shi ba su da wata alama. Binciken da aka yi a dukan Nijeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna da ƙwayar a jininsu.

Ga abin tambaya. Don me mutum biyu za su kamu da ƙwaya iri ɗaya, ɗaya ya rabu da ita, ɗayan kuwa ta zauna masa har ta cinye hantarsa? Amsar tana jikin wanda ta sauka wurinsa.

Hanta an gina ta da ƙananan ɗakuna ne, waɗanda ido ba ya gani. Kowane ɗaki yana da wata ƙofa wadda aikinta shi ne ɗauko gishirin ruwan maɗaciya daga cikin jini. A 2012 wani masani mai suna Wenhui Li da abokan aikinsa a Beijing ta ƙasar Sin suka gane ta wannan ƙofa, wadda suke kira NTCP, ƙwayar ke shiga. Shi ya sa hanta take nema musamman. In ta shiga, sai ta ɓoye irinta can tsakiyar ɗakin, ta sa ɗakin ya riƙa haifa mata 'ya'ya. Saboda wannan ɓuya ne magani kamar tenofovir yake danne ta, amma da wuya ya tumɓuke ta.

To, in ta shiga, wa ke korarta? Garkuwar jiki ce. Babban mutum in ya kamu, sama da 90 cikin 100 jikinsu yakan kore ta cikin 'yan watanni. Jariri fa? Garkuwarsa ba ta ƙosa ba, sai ta karɓi ƙwayar kamar 'yar gida. Cikin jarirai 10 da suka kamu lokacin haihuwa, wajen 9 za su zauna da ita, kuma bayan shekaru masu yawa wasunsu su gamu da ƙanƙancewar hanta ko sankara, daidai lokacin da gida ke dogara da ƙarfinsu.

Domin haka ra'ayinmu shi ne, a yi wa kowane jariri allurar rigakafin hanta a ranar da aka haife shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin awa 24. Nijeriya ta sa wannan allura cikin rigakafin yara tun 2004, kuma kyauta ce. Sauran ukun a mako 6 da 10 da 14 ake yin su.

Mun san al'adarmu. Yawancin haihuwa a gida ake yi, mai jego ba ta fita, ana jiran suna. Ba mu raina wannan ba. Amma ƙwaya ba ta jira kwana bakwai. Mun kuma san hanya ba lafiya a yankinmu, ba mai son fita da ɗanyen jariri. Duk da haka akwai dabara. Tun ana goyon ciki miji ya je ya tambayi ma'aikacin asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin Talata Mafara, ranar da wurin da ake samun allurar. In an haihu, ungozoma ta aika, kaka ko gwaggo ta ɗauki jaririn. In an makara, kada a fasa, a kai shi da hanzari. Mai ciki kuma ta nemi a gwada jininta wajen awo, gama akwai maganin da ake ba wasu uwaye domin su tsare jariransu.

Wanzamanmu ma suna da hannu a wannan aiki. Aska ɗaya ga yara biyu hanya ce ta ƙwayar, ko wajen aski ko kaciya. Uba ya sayi sabuwar reza, kuɗinta bai kai na goro ba.

Wanda ya riga ya kamu kuma, kada ya fid da zuciya. Ya sauƙaƙa wa hantarsa kaya. Giya da burkutu suna ƙara mata rauni. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna da wani dafi, aflatoksin, wanda in ya haɗu da ƙwayar yakan ninka hatsarin sankara. Mu shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin a zuba rumbu, mu tsince ruɓaɓɓen mu yar. Kada kuma a guje shi, gama cin tuwo a kwano ɗaya ko gaisawa ba ya kawo cutar.

Fastoci da limamai da masu unguwanni, ku faɗa wa jama'a. Kirista da Musulmi, hanta iri ɗaya Allah ya yi mana, ƙofarta kuwa ɗaya ce. Mu tare ta tun ranar farko. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, amin.